Katin walimar sauka: yaya zan sa ado ya taso, katin kuma bai lanƙwashe ba?

Maman Nusaiba, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda hannunsu ya saba da aikin takarda.

'Yata ta fari za ta yi saukar Alƙur'ani nan da mako biyar in Allah ya kai mu, ni kuma na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Na ce katin walima da hannuna zan yi shi, guda 60. Babanta ya ce in bari a kai wa masu buga kati a wuce wurin, na ce ya bar ni, yarinyar nan ta shekara takwas tana sintirin Islamiyya, rana da ruwa, ni ma bari in ɗan wahala mata.

Abin da nake so shi ne a fuskar katin a ga ɗan allo na takarda ruwan ƙasa, da furanni uku a gindinsa, kuma su taso daga jikin katin yadda in ka shafa za ka ji tudu. Na gwada guda biyar, duka biyar ɗin abin dariya. Na farko na manna allon kai tsaye, ya kwanta lum kamar an buga shi da firinta, wahalar yankan da na yi ta tafi a banza. A na biyu da na uku na yanko soson tsohuwar katifa na sa a ƙarƙashi, na shafa farin gam irin na kafintoci. Da gari ya waye katin ya lanƙwashe kamar ɓawon lemo a rana, soson ya shanye gam ɗin, allon ya karkace gefe guda. Na huɗu ya ɗan yi kyau, amma da na sa shi a ambulan na jefa a jaka na je Kasuwar Barci na dawo, furannin sun lotse kamar an zauna a kansu. Na biyar ƙanen 'yar tawa ya samu, ba sai na ce komai ba.

Akwai kuma aiki na biyu. Ina haɗa mata albam, tun daga hoton ranar suna har zuwa yau, har da wasu tsofaffin hotunan mahaifiyata da aka sa mata sunanta. Shafi shida kawai na yi wa ado, amma albam ɗin ya ƙi rufuwa, ya wangame baki kamar kada a bakin kogi.

Kayan da nake da su: almakashi, reza, rula, farin gam, takardun kala da na sayo a kasuwar Gumi, da ragowar leshi da duwatsun ado. Ba ni da injin komai, kuma ba na son sayen abin da daga wannan walimar sai ajiya. Me nake yi ba daidai ba?

Baban Sadiq, mai aikin ɗab'i

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa ta yi aiki da shi.

Ni shekara goma sha tara ina gaban injin yankan takarda, to bari in fara da lanƙwashewar, don nan ne na fi sani. Ba soso ne ya lanƙwasa miki kati ba, ruwa ne. Farin gam ɗin nan ruwa ne rabinsa. Idan kika shafa shi a fuska ɗaya, wannan fuskar ta sha ruwa ta buɗe, ɗayar tana nan yadda take, in ya zo bushewa kuma ya ja ta ya tsuke. Dole kati ya karkata. Ga shi muna tsakiyar damina, takardar ma da kanta a jiƙe take tun kafin ki taɓa ta. Da a hunturu ne da wata matsalar za ki kawo mana, ki ce kati yana tsagewa a wurin ninki.

Na biyu, ina zargin takardar da kika sayo ba ta da nauyi. In kin koma shago kada ki ce a ba ki takarda mai kauri, ki tambayi giram. Takardar A4 da ake hoton takardu da ita giram 80 ce, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, shi ya sa rim mai 500 yake kai wajen santimita 5. Takardun kala na 'yan makaranta da yawa ba su wuce hakan da nisa ba. Gindin kati, wato wanda zai ɗauki nauyin ado, ki nemi giram 250 zuwa 300. Furanni da ganye kuma 120 zuwa 160 ya fi, don yana yarda a murɗa shi.

Na uku shi ne abin da ba a cika gaya wa mutane ba. Takarda tana da jijiya, kamar rake ko karan dawa. Tun a masana'anta zarurrukanta suke kwanciya ta fuska ɗaya. Ɗauki falle ɗaya ki tanƙwara shi a hankali ta tsawo, ki sake tanƙwarawa ta faɗi, za ki ji ɗaya ya fi saurin yarda. Ta inda ya fi yarda, nan jijiyar ta bi, kuma nan ya kamata ninkinki ya bi. In kin ninke a gicciye, bayan katin zai farfashe, farin ciki ya fito. Kafin ki ninke, ki ɗora rula ki ja layi da bayan wuƙar cin abinci ko biron da tawadarsa ta ƙare, ki danne ba ki yanka ba.

Yanzu maganar tudu. Ki rabu da soson katifa, ya yi laushi da yawa, kuma da an kwana biyu yake komawa ruwan ɗorawa yana marmashewa. A shagunan kayan rubutu akwai salatif mai soso a tsakiya, mai manne gaba da baya, yana zuwa a kauri daban-daban, milimita 1, 2 ko 3. Babu ruwa a cikinsa, don haka ba ya lanƙwasa komai. Na milimita 2 ya ishe ki. In ba kya son kashe kuɗi, ki yanka ragowar katin giram 300 ƙanana-ƙanana ki jera uku a kan juna, ya ba ki kusan milimita 1, shida ya ba ki 2, kuma wannan ko an danne shi ba ya lotsewa. Mu a wurin aiki gefe-gefen da injin ya yanke buhu muke cikawa da su. Ki shiga kowace maɗaba'a a cikin gari ki gaishe su ki ce kina son ragowar yanka, da wuya a hana ki.

Abu ɗaya: kada ki sa matashin, wato salatif ko katin da zai ɗaga allon, a tsakiya kaɗai. Allonki mai kusurwa huɗu ne da kai, to ki sa a kusurwa huɗun, ki sa ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarƙashin kan, kowanne ki shigar da shi ciki kamar milimita 3 daga baki don kada a hango shi ta gefe.

Ummi, ɗaliba a Poly

Anti barka da ƙoƙari. Ni dai bindigar gam nake amfani da ita, wadda ake zura mata gam mai kama da kyandir. Cikin daƙiƙu ya kama, ba jira, kuma shi kansa ɗigon gam ɗin in kin bari ya ɗan huce kafin ki ɗora furen, yana zama tudu, ba sai kin nemi soso ba. Da ita na yi wa ƙawata katin kamu guda 40 a dare biyu. Duwatsunki da leshi ma babu abin da ke riƙe su kamar shi.

Ambulan kuma Anti, in katinki A4 ne da aka ninke biyu, wato A5, ki nemi ambulan C5. Katin milimita 148 ne a 210, ambulan ɗin 162 a 229, akwai wurin shan iska. Kada ki yarda a ba ki wanda ya yi masa cif.

Malama Inna, Tudun Wada

Salamu alaikum. Ƙanwata Maman Nusaiba, Allah ya raya, ya sa mu ga aurenta.

Ummi 'yata, ban ƙi ta taki ba, a kan leshi da dutse gam ɗin zafi yana aiki. Amma kati 60 a hannun wadda ba ta saba ba, sai ta ƙone yatsu, ga zaren da yake ja kamar yanar gizo-gizo, ga shi ɗigon ba ya zuwa daidai, wannan fure ya fi wancan tsawo. Sannan wa ya ba ki tabbacin wuta dare biyu a jere? Kuma don Allah kada a kai shi kusa da hoto.

Ni na koyar da zane da aikin hannu a firamare har na yi ritaya, kuma abin da na lura shi ne masu farawa suna zaton yawan tsawo shi ne kyau. Abin da ido yake gani inuwa ce. Ki je Zariya ki tsaya gaban ƙofar fadar Sarkin Zazzau, ko tsofaffin gidajen cikin birni masu zane a bango. Zanen nan bai taso da yawa daga jikin ginin ba, amma da hantsi ko la'asar, in rana ta bugo ta gefe, sai ki ga kowane layi ya fito da bakinsa. Haka aska takwas a gaban babbar riga, zare ne kawai a kan yadi, amma daga nesa kina ganin tudunsa. To a kati ma milimita 2 a kan farin gindi, da gefen da aka yanka tsaf, ya fi santimita guda na tarkace.

Don haka ga shawarata. Ki yi hawa uku kacal. Gindin kati hawa na farko. A kansa ki manna wata takarda mai launi daban wadda ta fi shi ƙanƙanta da milimita 5 ta kowane gefe, a kwance, ba matashi. Sai allon a kan matashi kamar yadda Baban Sadiq ya faɗa. Furannin kuma su jingina da gindin allon, kada tsayinsu ya wuce na allon sosai. Kin ga in an danne katin a jaka, allon ne zai ɗauki nauyin, furanni suna fake a gefensa. Naki sun lotse ne don su kaɗai ne a sama.

Furen kuwa ba matashi ne ke tayar da shi ba, murɗawa ce. Ki yanka shi, ki ɗora a kan abu mai ɗan laushi, irin soson nan mai tauri da masu haɗa silifas suke amfani da shi, ko tawul da aka ninke, ki danna tsakiyarsa da gindin biro kina juyawa. Zai tattaro ya zama kamar ƙaramin ƙoƙo. Bakin kowane kunne ki naɗe shi a jikin tsinken sakace ki sake. Biyu za ki haɗa, babba a ƙasa ƙarami a sama, ki karkata su yadda kunnuwan ba za su hau kan juna ba, dutse ɗaya a tsakiya. Gam kuma da bakin tsinke za ki ɗiba, ɗigo kamar ƙwayar gero. Farin gam ɗinki ba shi da laifi in an san ɗibansa.

Sai wanda na fi so, wanda nake koya wa 'yan aji biyar, ba ya cin ko sisi. Ki zana dagin Arewa ƙarami a kan kati mai kauri, ki huda shi da reza ki cire cikin layukan. Ki manna shi a gilashin taga da rana. Ki ɗora takardarki a kansa, fuskarta na kallon gilashi, bayanta na kallonki. Haske zai nuna miki zanen ta cikin takardar. Ki goga kyandir kaɗan a bayan don abu ya riƙa zamewa, sai ki bi bakin zanen da kan kwarashi ko biro marar tawada, kina dannawa a hankali. Bakin kawai za ki bi, tsakiya da kanta take tasowa. In kin juyo za ki ga dagi ya fito fari a kan fari, kamar na katin 'yan gayu. Sai dai takarda mai duhu haske ba ya ratsa ta, kuma in rubutu za ki yi, a juye za ki manna shi a tagar, in ba haka ba ya fito a baibai. Dagi ba ruwansa da wannan, ta ko'ina ɗaya ne.

Roƙona na ƙarshe, ƙanwata. Tunda allo ne, zuciya za ta raya miki ki rubuta aya ko Bisimilla a kai. Ki tuna inda katin biki yake ƙarewa bayan an watse: ƙasan kujera, kwandon shara, hannun yara. Ki sa sunanta da ranar walima, ki zagaye da zayyana irin ta allon sauka, ya wadatar.

Baban Sadiq, mai aikin ɗab'i

Malama ta gama magana. Abin da take yi da taga da kwarashi shi muke yi da inji, sai dai mu ƙarfe biyu ne, mace da namiji, a sa takarda a tsakiya a matse. Akwai kuma rubutun da kuke shafawa a katin aure ku ji ya taso yana sheƙi. Wannan hoda ce ake barbaɗawa a kan tawada tun ba ta bushe ba, a bi ta da zafi, ta narke ta kumbura. Ana sayar da irinta ta aikin gida, amma Hajiya kada ki shiga wannan yanzu, mako biyar ba yawa. Wanda ya gwada da na'urar busar da gashi ma iska ce za ta kwashe masa hodar.

Na manta ban faɗa ba: duk abin da kika manna da gam mai ruwa, ki sa shi tsakanin farar takarda biyu, ki ɗora littattafai masu nauyi ya kwana, tun kafin ki sa matashi da furanni. Kada ki yi amfani da jarida, tawadarta tana fita.

Abban Hanif, Kawo

Ba wanda ya taɓa maganar albam, bari in sa baki, don na yi na mahaifina bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma kadan nan ni ma ya buɗe mini baki.

Lissafi ne kawai Hajiya. In shafi 20 ne, kowanne da adon milimita 2, kin ƙara milimita 40 kenan, santimita 4, a cikin littafin da aka ɗinke bayansa don shafuka a kwance. Ina za su shiga? Maganin shi ne ki ƙara wa gindin kauri daidai da abin da kika ƙara a tsakiya. Ki yanka kwali siriri-siriri, faɗin santimita 2, tsawon shafin, ki sa tsakanin kowane shafi da na kusa da shi ta wajen ɗinki. Wannan yana yiwuwa ne in albam ɗin mai zobe ne ko mai kusoshin da ake kwancewa. In wanda aka manne bayansa ne, sai dai ki riƙa cire shafi ɗaya da reza kina barin ɗaya, ki bar ɗan gindinsa kamar santimita 2 a ciki. Ni daga ƙarshe huda kati na yi da kaina na ɗaure da kirtani, don in riƙa sassautawa.

Sannan ki riƙa sauya wurin ado. Wannan shafi sama ta dama, na gaba ƙasa ta hagu. In duka a kusurwa ɗaya suke, tudu ne a kan tudu. Kuma ki duba me ke fuskantar me in an rufe: dutsen ado in ya kwana a kan fuskar mutum a hoto, zai bar masa rami. Takarda shara-shara irin ta kwafin zane a tsakani tana taimakawa.

Hotunan mahaifiyarki kuwa, don Allah kada gam ya taɓa su, kowane iri. Ki kai a ɗauki kwafinsu a wanke miki sababbi, ki yi adonki a kan sababbin. In lallai na asalin kike so a ciki, ki yanke kusurwoyin tsofaffin ambulan, huɗu ga kowane hoto, su za ki manna a shafi, ki zura hoton a ciki, duk ranar da aka so a zare. Kwalin indomi da makamantansu yana yin matashi mai kyau a kati, amma kada ya zauna jikin tsohon hoto shekara da shekaru, irin wannan kwalin da takardar jarida suna sa abin da ke jikinsu ya yi ja. Kullun sitaci ko na fulawa da muke manna takarda da shi muna yara ma a bar shi, abincin kyankyasai ne.

Maman Nusaiba, Unguwar Rimi

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na yi shiru kwana huɗu ne don ina son in gwada kafin in dawo.

Baban Sadiq, zarginka gaskiya ne. Na koma da guntun takardata, mai shago ya murza ta a yatsa ya ce wannan ba ta wuce 120 ba. Na sayi ta 300. Maganar jijiya kuwa sai da na kira Nusaiba ta zo ta tanƙwara da hannunta, muka yi ta mamaki kamar ƙauyawa, shekara nawa muna riƙe takarda. Sai dai ta zo mini da gardama: A4 ɗin da na samu jijiyarta ta tsawo ta bi, ninkina kuma ta faɗi yake. Na ja layi da bayan wuƙa sau biyu kafin in ninke, bai fashe ba, na bar shi haka. Ragowar yanka ma na samu, leda guda, yaron wurin har da tambayata ko ni ma maɗaba'a zan buɗe.

Salatif mai soso na sayi ɗaya na gwada, na kuma gwada kati shida a jere. Na zaɓi katin. Ya fi cin lokaci, amma na sa ɗaya a ambulan C5 kamar yadda Ummi ta ce, na jefa a jakar da ta kashe na huɗu, na hau Keke Napep har Kawo na dawo, ya fito lafiya lau. Yara ma sun samu aikin yi, kowa na jera shida-shida yana ƙirgawa.

Yaya Inna, dagin nan sai da na ɓata takarda bakwai. Hannuna yana da nauyi, kwarashin yana huda takardar a kwana. Na takwas na sassauta na bi shi sau uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi, ya fito. Babanta da ya ce a kai wa masu bugawa ya ɗauka ya kai bakin taga yana juyawa, bai ce komai ba, ya sa a aljihu ya fita da shi. Amma gaskiya ba zan iya guda 60 ba, wuyana ya riƙe don tsayuwa a taga. Guda 12 zan yi wa dagi, na malamanta da kakanni, saura allo da fure biyu, na rage ɗaya. Aya kuma ban sa ba, da ma har na fara gwada rubutun a fensir, na goge.

Ummi 'yata, ki ara mini bindigarki rana ɗaya idan ba damuwa, akwai leshin da nake son sa wa a bangon albam, farin gam ya ƙi riƙe shi.

Abban Hanif, nawa mai mannen baya ne, na ƙirga shafi 30. In na cire ɗaya na bar ɗaya saura 15, hotunan da na ware kuma 52 ne. Wajen huda katin da ka ɗaure da kirtani, huda nawa ka yi, kuma da me ka huda giram 300 ba tare da bakin ramin ya yage ba?